Babi na Shida: Gansakuka a Kan Tsiro Mai Jinkirin Girma

"Me ya sa duk tsirran da ke cikin tankina suna nan ƙalau, sai wannan guda ɗaya da na fi saya da tsada shi ne gansakuka ta lulluɓe?"

Da wuya mutum ya ajiye tankin kifin ado mai ɗanyun tsirrai ya cika wata shida bai yi wannan tambaya ba. Na yi ta a lokacina, an kuma yi mini ita ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na baya-bayan nan ɗan yayata ne. Ya turo mini hoto bayan sallar isha'i, da saƙo a ƙarƙashinsa: "Kawu, don Allah ku duba mini, cuta ce ta kama shi ko me?" A hoton wani Anubias ne ɗaure a jikin guntun itace, ganye takwas ko tara. Bakin kowane ganye ya yi baƙar geza kamar an zizara masa kwalli, tsakiyarsa kuma ɗigo-ɗigon kore masu tauri. A bayansa ga dogayen tsirrai sun miƙe har saman ruwa, tas da su, ko tabo babu.

Na ce masa ba cuta ba ce, kada kuma ya sayi magani tukuna. Abu biyu na tambaye shi: awa nawa fitilarsa take yi a kunne, kuma a wane gefen ɗaki tankin yake. Ya ce tun da ya sa sola ba ya kashe ta sai zai kwanta, tankin kuma yana jikin taga don baƙi su riƙa gani sosai. A nan amsar take, sai dai sai mun bi ta daki-daki kafin ta fito fili.

Ganyen da ya daɗe a wuri ɗaya

Gansakuka ba baƙuwa ba ce a tanki. Ƙwayoyin irinta suna cikin ruwan da ka zuba, suna jikin tsiron da ka sayo, suna yawo a iskar ɗaki. Ba wanda ya taɓa raba tanki da su. Abin da take nema wurin zama ne mai haske wanda ba ya gusawa, kamar gilashi da dutse da itace. Ganyen da ba ya sauri kuwa, a wurinta, ɗaya yake da dutse.

Manomi ya san bambancin masara da dabino. Masara in ta samu ruwa da taki, cikin 'yan makonni ta kere ciyawa, ta yi mata inuwa, ta cinye takin da ciyawar za ta ci. Dashen dabino kuwa sai ya shekara yana nan kusan yadda ka bar shi, in ba a nome masa ba ciyawa ta binne shi. Haka abin yake a ƙarƙashin ruwa. Tsirrai masu miƙaƙƙen kara irin su Hygrophila da Ceratophyllum sukan ƙara tsawon ɗan yatsa ko fiye cikin mako guda. Kafin gansakuka ta kafu a kan ganyensu an yi sababbi a samansa, kai kuma ka datse tsohon ka yar. Anubias ganye ɗaya yake fitarwa cikin mako uku zuwa wata guda, kuma ganyen nan zai zauna shekara ko fiye. Duk ƙwayar da ta sauka a kansa ta samu gida.

A sahu ɗaya da shi akwai wanda masu sayarwa ke kira Java fern, daga kudu maso gabashin Asiya, da Bucephalandra daga tsibirin Borneo, da Bolbitis daga ƙoramun Afirka. Dukansu suna da kwantaccen kara mai kama da ɗanyar citta, daga jikinsa ganye da saiwa suke fitowa. Akan ce su ne tsirran 'yan koyo domin ba sa saurin mutuwa, kuma gaskiya ne. Amma rashin mutuwa daban, zama tas daban.

Asalinsa ɗan kurmi ne

Anubias namu ne, ɗan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Nau'in da ya fi yawo a kasuwannin duniya, Anubias barteri, yana fitowa ne a dazuzzukan kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru da tsibirin Bioko. Ƙaraminsa da ake kira nana, wanda ya cika tankunan Japan da Jamus da Amurka, daga Kamaru aka samo shi. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Heinrich Schott, shi ya raɗa wa dangin suna a 1857. Sunan barteri kuma na Charles Barter ne, mai tattara tsirrai da ya biyo ayarin Dokta William Baikie zuwa kogin Kwara a 1857, ya rasu a Raba ta ƙasar Nufe a 1859.

Na kawo wannan ne don mai karatu ya hango inda tsiron ya taso. Ƙorama ce a cikin kurmi, manyan itatuwa sun haɗe kai a samanta, rana ba ta isowa ƙasa sai ɗan tsinke-tsinke. Tsiron yana maƙale a jikin dutse ko saiwar itace a bakin ruwa. Da damina ruwa ya shanye shi, in ruwa ya ja baya ya bar ganyensa a waje cikin laima. Kaurin ganyen nan da duhun korensa duk shirin zaman inuwa ne. To, ka ɗauko wannan ɗan kurmi ka ajiye shi a saman itace, taƙi ɗaya daga fitila mai ƙarfi, awa goma sha biyar kullum. Ba zai mutu ba, amma hasken da ke sauka a kansa ya fi ƙarfin cikinsa nesa ba kusa ba.

Farar jarka da baƙin tanki

Kowace uwargida ta san farar jarkar da aka bari da ruwa a tsakar gida takan yi kore daga ciki. Baƙin tankin roba da ke kan rufi kuwa, rana ɗaya ke dukansu, ruwa ɗaya ke cikinsu, amma shi ba ya yi. Bambancin bai wuce haske ba. Ita jarka yana ratsa ta, shi tanki ba ya ratsa shi. Wanda ya gane wannan ya gane rabin babin nan.

Tsiro da gansakuka abinci ɗaya suke ci: haske, iskar kabon, da taki. A cikin ruwa iskar kabon ce ta fi wuyar samu, domin tafiyarta a ruwa ta fi ta cikin iska jinkiri kusan sau 10,000. Shi ya sa masu manyan tankunan gasa suke hura ta daga tukunyar gas har ta kai wajen miligiram 30 a kowace lita, sa'annan su ƙara ƙarfin fitila. Tankin gida da ba a hura masa komai 'yan miligiram kaɗan yake da su. In ka ƙara haske ba ka ƙara iskar ba, tsiron ba shi da yadda zai yi da ƙarin. Ko ma ka ƙara iskar, Anubias ɗan sauri kaɗan zai ƙara, domin haka halittarsa take. Kamar ka ajiye wa dattijo mai ƙaramin ciki tiren shinkafa na mutum goma ne. Zai yi lomarsa uku ya ture, sauran kuma na kiyashi ne. Kiyashin a nan ita ce gansakuka, kuma a kan tiren take taruwa, wato a kan ganyen.

Saboda haka gyara na farko a fitila yake, kuma ba ya cin ko kwabo. Awa 6 zuwa 8 a rana sun isa tankin da ba a hura masa iskar kabon. In gansakuka ta riga ta yi yawa, fara daga 6, ka tsaya a kai wata guda kafin ka ƙara. Ka zaɓi awannin da kake gida, misali daga bayan la'asar zuwa goma na dare, don ka more kallon kifinka. Kifi ba su da buƙatar fitila, hasken ɗaki ya ishe su.

Tsawon lokaci daban ne, ƙarfin haske kuma daban. Fitilun LED na yanzu suna da ƙarfi fiye da yadda ido ke nunawa. In taka tana da maɓallin ragewa, rage ta zuwa rabi. In babu, ɗaga ta sama da taƙi ɗaya, ko ka shimfiɗa yankin ragar sauro ta taga ninki ɗaya ko biyu a kan murfin tanki, a ƙarƙashin fitilar. Sa'annan ka kwance tsiron daga ƙololuwar itace ka mayar da shi ƙasa, gefen dutse, ko ƙarƙashin wani tsiro mai tsawo. Na sha ganin Anubias biyu daga uwa ɗaya a tanki ɗaya, na sama ya yi baƙi ƙirin, na lungu kuma yana sheƙi kamar an shafa masa mai.

Taga kuwa a guje ta. Awa ɗaya ta hasken rana kai tsaye ta fi abin da fitilarka za ta zuba ƙarfi ninkin-ba-ninkin, ga shi tana dafa ruwa. Waɗannan tsirrai sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 da 28. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maraɗi ke haura 40, tankin da ke jikin taga yakan wuce wannan iyaka da nisa, tsiro ya galabaita, gansakuka kuma ta samu yadda take so.

Akwai wata matsala da littattafan ƙasashen waje ba sa kawowa, wato ɗaukewar wuta. Yau fitila ta yi awa biyu, gobe ta kwana a kunne saboda an kawo wuta kana barci. Tsiro mai jinkiri yana ɗaukar kwanaki kafin ya saba da sabon yanayi, gansakuka kuwa nan da nan take juyawa, don haka duk wani hawa da sauka ita yake yi wa rana. Sayi na'urar saita lokaci da ake kira taima, amma ka nemi mai lambobi da ƙaramin batiri a ciki. Mai juyawa kamar agogo tana tsayawa in an ɗauke wuta, in an kawo ta ci gaba daga inda ta tsaya, kafin mako ya zagayo sai ka ga fitila tana kamawa da tsakar dare.

Kainuwa dashen Allah

In aka ce in zaɓi abu guda bayan rage fitila, kainuwa zan zaɓa. Wannan da ke yawo a kududdufan garuruwanmu, wadda ba mai kallonta sau biyu, ita ce masu tanki a Turai suka riƙa saya da kuɗinsu a da. Aiki biyu take yi a lokaci ɗaya. Tana shimfiɗa inuwa daga sama kamar yadda itatuwan kurmi ke yi, saiwoyinta kuma suna zuƙe takin da ya yi rara a cikin ruwa. Ba ta da matsalar iskar kabon domin ganyenta a waje yake, daga iskar ɗaki take sha, shi ya sa take girma da gudu. Diana Walstad ta yi dogon bayani a kan wannan fifiko na tsirran da ganyensu ke taɓa iska a littafinta na 1999 kan tankin tsirrai. Duk mako in ka kwashe rabin kainuwar ka zubar, ka fitar da dattin tanki ne a dunƙule.

Kada ta rufe ruwan gaba ɗaya. Sulusi zuwa rabi ya isa. Yi zobe da siririn tiyo ka killace ta a daidai saman Anubias ɗinka, sauran fili ya zama na tsirrai masu son haske. Ba ta son raɓar da ke ɗiga daga murfi, tana ruɓar da ganyenta, don haka a bar mata ɗan sarari iska ta riƙa shiga.

Sai dai ina roƙon mai karatu kada ya tsamo ta daga kududdufi ya jefa cikin tanki kai tsaye. Ruwan kwance a ƙasarmu yana ɗauke da ƙananan katantanwa masu yaɗa tsargiya, kuma a saiwar irin waɗannan tsirrai suke fakewa, tare da matsattsaku da tsutsar mazari mai cin 'ya'yan kifi. In za ka ɗebo, sa safar hannu ta roba, kada ka tura yara. Wanke ta sosai, ka ajiye a bokiti da ruwa mai tsabta mako uku ko huɗu kana sauya ruwan, kana tsince duk abin da ya fito. Sababbin 'ya'yan da ta haifa a bokitin su za ka ɗauka, uwar ka zubar. In ka san mai tanki da ke da ita, roƙa a wurinsa ya fi sauƙi, domin kullum neman inda zai kai rarar yake yi.

San abin da kake yaƙa

Ba duka gansakuka ce iri ɗaya ba, kuma kowace da labarin da take ba ka.

Mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ke kwanciya kamar ƙura ta kuma fita da shafar yatsa, ta sabon tanki ce. Ƙananan halittu ne masu ƙoƙon jiki na sinadarin yashi, sukan bayyana a makonnin farko su tafi da kansu in tanki ya zauna. Goge ta kawai ka yi haƙuri. Abin sha'awa, ƙurar hunturu da ke rufe mana gari tana da dangantaka da su. Kaso mai yawa nata yana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, inda gawarwakin irin waɗannan halittu suka taru a ƙasan tsohon babban tafkin da ya ƙafe.

Ɗigo-ɗigon kore masu tauri, waɗanda farce ba ya kankarewa sai ya ji wa ganye rauni, alamar haske ne mai yawa a kan tsohon ganye. Gogaggun masu tanki sun daɗe da lura cewa sun fi yawa inda sinadarin fosfet ya yi ƙaranci. Wannan yana ba mutane mamaki, domin an saba jin cewa taki ne ke kawo gansakuka, sai mutum ya daina zuba taki ɗungurungum. Tsiro mai yunwa kuwa ya fi saurin kamuwa. Abin da ya dace shi ne taki kaɗan a kai a kai, kamar rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba in yawancin tsirranka masu jinkiri ne.

Sai babbar abokiyar gaba, baƙar geza, wadda ta yi wa ɗan yayata kwalli. Tana fitowa tuttu-tuttu kamar gashin buroshi a bakin ganye, a kan itace, da bakin bututun da ruwa ke fitowa da ƙarfi. Duk da baƙinta, 'yar dangin jar gansakuka ce. Ciro ɗan tuttu ka jefa a ruwan sifirit, za ka ga ta koma ja. Tana manne wa ganye ƙam, in ka fizge ta da naman ganyen take tahowa. Inda datti ya taru a tanki, da inda iskar kabon ke hawa da sauka, nan ta fi yin ƙarfi.

Akwai kuma wata shimfiɗa mai yauƙi, kore mai ratsin shuɗi, mai warin ruɓaɓɓen kududdufi, wadda ke ɗagowa kamar fata. Ita ma ba gansakuka ba ce ta haƙiƙa, ƙwayoyin bakteriya ne. Zuƙe ta da tiyo, ka rufe tankin ruf da bargo kwana uku ko huɗu ba haske ko kaɗan, filta tana aiki. Anubias da Java fern ba abin da duhun nan zai yi musu.

Kafin ka ɗauki almakashi, ga wani kuskure da ya sa mutane da yawa sun yanke lafiyayyen ganye. Baƙaƙen ɗigo da ke jere a bayan ganyen Java fern ba gansakuka ba ne, jakunkunan irinsa ne. Gashi mai ruwan ƙasa da ke leƙowa a ƙarshen tsohon ganyensa kuma saiwar jariri ce. Duba da kyau za ka ga ƙananan ganyaye a samanta. Bar shi ya yi ƙwari ka ɓalle, ka samu sabon tsiro kyauta.

Ruwa ba ya tsami banza

Faffaɗan ganye faranti ne. Ragowar abincin kifi, kashinsu, da ruɓaɓɓen ganye duk a kansa suke sauka, su zama taki a daidai inda gansakuka ke zaune. Ka ba kifi abin da za su cinye cikin minti biyu. Sauya sulusin ruwa zuwa rabi duk mako, kuma kafin ka zuƙe, kaɗa hannunka a saman ganyayen dattin ya tashi. Ruwa ya riƙa ratsa tsiron a hankali, ganye yana ɗan rausaya ba tare da ana kaɗa shi ba.

Soson filta a wanke shi cikin ruwan da ka zuƙo daga tanki, kada a kai shi bakin famfo, domin kulorin yana kashe bakteriyar da ke cinye amoniya. In wuta ta daɗe ba a kawo ba, kamar yini guda, kada ka bari filta ta tashi da kanta ta amayo ruɓaɓɓen ruwan da ya kwana a cikinta. Cire ta daga soket, ka ɗauraye soson, sa'annan ka mayar.

Ka kuma duba kwantaccen karan nan. In ka binne shi a yashi zai ruɓe sannu a hankali, ganyaye su raunana, gansakuka ta hau su. A ɗaure shi da zare a jikin dutse ko itace, saiwa ce kawai ke iya shiga ƙasa.

Ganyen da ya riga ya kamu

Duk abin da aka faɗa a sama yana kare ganyen gobe ne. Na yau da ya riga ya yi geza ba zai warke da kansa ba.

Wanda ya lalace ƙwarai, yanke shi daga gindin hannunsa kusa da kara, da almakashi mai kaifi. Na san da ciwo, ganyen wata guda ne kake yarwa. Kada dai ka wuce sulusin ganyayen a zama ɗaya.

Ga sauran, babbar sa'arka ita ce tsiron a jikin dutse yake, kana iya ɗaga shi ɗungum ka fito da shi. Maganin da na fi yarda da shi ruwan haidirojin ne, wanda ake wanke ciwo da shi, domin in ya gama aiki ruwa da iskar shaƙa yake komawa. Karanta jikin kwalbar. Mai kashi 3 cikin 100 ake so, in naka mai kashi 6 ne sai ka sirka shi da ruwa daidai wa daida. Ɗora tsiron a faranti, ka ɗiɗɗiga maganin da sirinji a bakin ganyayen, ka kauce wa kara da saiwa. Za ka ga gezar tana kumfa ƙanana-ƙanana. Bayan minti 3 zuwa 5 ɗauraye shi ka mayar. Washegari gezar za ta yi ja-ja, bayan kwana biyu ko uku ta yi fari, daga nan kifi su fara tsattsage ta. In tsiron ba ya ciruwa, kashe filta, ka fesa da sirinji a cikin ruwa, kada ka wuce mililita 1 na mai kashi 3 ga kowace lita 4 ta ruwan tanki, ka kunna filta bayan kwatan awa.

Akwai masu tsoma tsiro a ruwan bilic, kashi 1 cikin kashi 19 na ruwa, minti biyu. Yana aiki, Anubias ma yana jurewa, amma ban cika ba da wannan shawara ba. Na taɓa tsoma wani Bolbitis da na yi shekara biyu ina reno, aka yi sallama a ƙofa na fita, kafin in dawo minti shida sun wuce. Cikin mako guda ganyayen suka zama kamar jiƙaƙƙiyar takarda, karan bai sake tofowa ba. Garin gyaran gira na rasa ido, har yau kuma ina jin zafin abin. In ka ga dole sai ka yi, nemi bilic marar turare, riƙe agogo a hannu, ganye kawai ka tsoma, sa'annan ka jiƙa tsiron a ruwa mai maganin kashe kulorin kafin ya koma wurin kifi.

Magungunan gansakuka na kwalba kuwa a karanta abin da ke cikinsu. Duk mai sinadarin jan ƙarfe yana kashe katantanwa da jatan lande. Ko wanne ka yi amfani da shi, in fitila tana nan yadda take, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, bayan wata guda gezar za ta dawo.

Masu kiwo a kan ganye

Akwai halittun da gansakuka ce abincinsu, suna kuma taimakawa in an gyara sauran. Katantanwar nerite tana da bakin da ke kankare ɗigon kore mai tauri ba tare da ta huda ganye ba. Takan bar fararen ƙwai kamar riɗi a jikin itace, amma 'ya'yanta ba sa rayuwa a ruwan daɗi, don haka ba za ta cika maka tanki ba. Jatan landen Amano, da ya samu suna daga Takashi Amano, ɗan Japan ɗin da ya yayata amfani da shi kafin rasuwarsa a 2015, gwani ne wajen tsince gansakuka mai zare. Ƙaramin kifin Otocinclus na Kudancin Amurka yana share mai launin ƙasa, amma sai a garke yake sakewa, kuma ba ya jure sabon tanki. Baƙar geza kuwa kaɗan ne ke taɓa ta tana ɗanya, fitacce a cikinsu shi ne kifin Siyam mai baƙin layi daga baki har ƙarshen wutsiya, wanda ke kai santimita 15.

A yi hattara da kifin nan mai manne baki a gilashi da ake kira pleco. Ana sayar da shi kamar ɗan yatsa, amma na gama-garin yakan wuce santimita 40, kashin da yake zubarwa kuma ya fi gansakukar da yake ci.

Duba sabon ganye

Ɗan yayata ya janye tankinsa daga taga zuwa bangon da ke fuskantarta, ya mayar da fitila awa 6, ya yanke ganye uku, ya ɗiga wa sauran haidirojin, na kuma aika masa da kainuwa cikin roba. Bayan kwana goma ya kira ni ransa a ɓace, wai bai ga wani canji ba. Na ce ya daina kallon tsofaffin ganyaye, tabonsu ba zai goge ba. Ya sa ido a kan ƙarshen kara, inda sabon ganye ke fitowa a naɗe, kore shar mai haske. In wannan ya buɗe ya yi wata guda bakinsa tas, gyara ya kama. In shi ma ya fara geza, a sake rage haske, a sake duba datti. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a jira mako uku ko huɗu, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

A mako na bakwai ya turo wani hoton, sababbin ganye biyu ba tabo. A ƙarƙashinsa kuma da wata tambayar: "Kawu, wannan farin abu kamar alli da ke taruwa a bakin gilashi da kan ganyen fa?" Wannan ba gansakuka ba ce, daga ruwan burtsatsen unguwarsu yake. Ruwan famfo, na rijiya da na burtsatse kowanne da halinsa a cikin tanki, kuma a kansu babi na gaba zai tsaya: yadda za ka gane taurin ruwanka, abin da yake yi wa tsiro da kifi, da yadda ake sirka shi.